JAKAR ƘYALLE TA GAJI ZABIRA

Idan Salla ta gabato, duk wanda ya leƙa tashar motocin Arewa a Agege ko Mil 12 cikin Ikko, ko unguwar Sabo ta Badun, ko ta Shagamu, zai tarar da 'yan Arewa maƙil, kowa da ƙunshinsa, kowa kuma hankalinsa ya riga ya yi gida. Magana biyu ce a bakin jama'a a irin wannan lokaci, watau kuɗin mota da tsaraba. Tun daga watan Mayu na 2023 da gwamnati ta janye tallafin man fetur kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, har ya zama mutum ya yi wata da watanni yana tari, amma in ya sallami direba abin da ya rage masa bai taka kara ya karya ba. Ga shi kuwa a gida akwai uwa, akwai mata da 'ya'ya, akwai gwaggo da inna da surukai. In ban da yara ba mai buɗe baki ya ce ina tsarabata, amma Bahaushe ya san nauyin shiga gida hannu rabbana.

Akwai wata 'yar aba da take sauƙaƙa wannan nauyi, wadda mutane da yawa suke wuce ta ba su kula ba, ita ce 'yar jakar ƙyalle da mata da teloli suke ɗinkawa da ragowar yadi. Girmanta bai wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Wata da zif, wata da zariya, wata kuma an raba cikinta aljihu-aljihu don kowane abu ya sami wurin zamansa. Mai ƙaramin ƙarfi yana iya yin kyauta da ita ba tare da ya ji kunya ba, wadda ta ɗinka kuma ta sami na cefane. Ga mutanen garuruwa irin su Kasuwan Garba, inda rashin tsaro ya taɓa noma da kasuwa, wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙasar noma da kiwo

Kasuwan Garba tana cikin Ƙaramar Hukumar Mariga ta Jihar Neja, wadda hedkwatarta take Bangi, a ƙarƙashin masarautar Sarkin Sudan na Kwantagora. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa wannan masarauta a ƙarni na 19. Ita kuwa Jihar Neja an yanko ta daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma a 1976. Hausawa da Fulani da Kambari da Kamuku suna zaune tare a yankin, abincinsu noma da kiwo. Dawa da masara da wake da shanun da suke fita daga kasuwannin wannan ƙasa, da yawansu a Kudu ake sauke su, ta hanyar da ta bi Makwa da Jaba da Ilori har Badun da Ikko. Wannan hanya ita ce kuma ta kwashi samarin yankin zuwa ci-rani, wasu dako, wasu gadi, wasu acaba, wasu sayar da nama ko goro ko kayan gwari.

Kamar yadda kowa ya sani, ƙasar Mariga ta yi iyaka da dazuzzukan Zamfara da na Birnin Gwari, saboda haka ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A shekarar 2021 kaɗai an sace 'yan makaranta a Kagara cikin watan Fabrairu, aka kuma sace na wata Islamiyya a Tegina cikin watan Mayu, duka biyun a Ƙaramar Hukumar Rafi mai maƙwabtaka da Mariga. A watan Satumba na wannan shekara gwamnatin jihar ta dakatar da kasuwannin dabbobi na mako-mako na wani lokaci, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura. Duk lokacin da gona mai nisa ta gagara zuwa, ko kasuwa ta ƙi ci, nauyin gida yakan koma kan mutum biyu, ɗan ci-ranin da yake aiko kuɗi daga Kudu da matar da take sana'a a cikin ɗaki. Talla ma da mata suka saba dogara da ita ta zama abin tsoro, don ba uwar da za ta so 'yarta ta yi nisa da gida da faranti a ka. Saboda haka sana'ar da ake yi a zaune, da jari kaɗan, wadda kayanta ba ya lalacewa in ya kwana, ta fi kowace dacewa da irin wannan hali.

Zabira da 'yan'uwanta

Ba yau Bahaushe ya fara adana ƙananan kayansa a jaka ba. Wanda ya tashi a ƙauye ya san zabirar wanzami, wadda aka raba cikinta gida-gida, aska da nata wuri, 'yar tsaga da nata, ƙaho da almakashi da nasu, yadda ko da duhu ya sa hannu abin da yake nema shi zai ɗauko. Malami yana da gafaka, inda yake zura Alƙur'aninsa rubutun hannu bayan ya haɗa warƙoƙin cikin tadarishi. Falke yana da alabe, mai kasuwa yana ɗaure da lalita a ƙugu, maharbi yana rataye da burgami, mace kuwa tana da tandun kwalli da mayanin da take ƙulle goro da 'yan kuɗinta. Kowace sana'a da irin jakarta, kuma da ganin jakar an san mai ita.

Dukawa su ne masu wannan aiki, har yau ma akwai unguwa mai sunansu a birnin Kano. Majema sukan jeme fatar da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, sa'an nan baduku ya yanka ya ɗinka. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ta yi suna tun zamanin da ayari yake ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiran ta fatar Maroko don ta hannun 'yan kasuwar Arewacin Afirka take isa gare su. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya lissafa zabira mai ado cikin kayan da ake yi a birnin, ya ce Larabawa mazauna garin ne suke ɗinka ta. Sunan ma daga bakin Larabawa ya shigo Hausa. A lissafin da ya yi kuwa, tufafin da Kano take fitarwa a shekara kuɗinsu bai gaza wuri miliyan 300 ba.

Jaka ta shiga jinin Hausawa har ta zama ma'aunin kuɗi. A zamanin wuri, jaka guda wuri 20,000 ke nan. Da kuɗin Turawa suka zo sai jaka ta koma fam ɗari, da aka canja zuwa naira a 1973 kuma ta zama naira ɗari biyu. Har yanzu akwai dattawan da in ana cinikin sa ko ana yanke sadaki da jaka suke lissafi.

Yadda leda ta kori jaka

A shekarar da Barth ya shiga Kano, a cikinta ne wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya yi rajistar keken ɗinkinsa. Bayan zuwan Turawa keken ya bazu a ƙasar Hausa, daga baya kuma samfurin Butterfly na ƙasar Sin ya zo da araha, har ya zama ana sa shi cikin kayan ɗakin amarya. Yadi ma ya wadata. An buɗe masaƙar KTL ta Kaduna a 1957, aka kafa UNTL a 1964, kafin shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura ɗari, audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi ce take ciyar da da yawa daga cikinsu.

Amma abin da ya kori zabira da mayani daga hannun talaka ba yadi ba ne, leda ce. Abin mamaki, sunan nata ma daga kalmar da Turawa suke kiran jemammiyar fata aka aro shi, alhali kuwa ba abin da ya haɗa ta da fata. Ta zo kyauta, kowane mai shago yana bayarwa, sai jama'a suka saki na hannu. Yau za a ga dattijo ya ƙulle katin asibitinsa da maganinsa da kuɗinsa cikin baƙar leda, in ta yage ya nemi wata. Wadda aka yar kuwa ba ta ruɓewa. Tana toshe magudanan ruwa a birni, a ƙauye kuma dabbobi suna haɗiye ta. Mahauta sun sha farke tumbin saniya ko tunkiya su tarar da dunƙulen leda a ciki, dabbar ta daɗe tana ramewa mai ita bai san dalili ba. A ƙasar kiwo irin ta Mariga wannan hasara ce ta kai tsaye.

Wasu gwamnatoci sun fara ɗaukar mataki. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya ta bi sahu a 2017. Nan gida kuma Jihar Legas ta hana mazubin abinci na farin soso a watan Janairu na 2024, sa'an nan daga 1 ga Yuli na 2025 ta fara aiwatar da hanin wasu kayan roba da ake amfani da su sau ɗaya a yar, har da leda marar kauri. Mazauna Ikko shaida ne, manyan kantuna da yawa yanzu sai mutum ya zo da jakarsa ko ya sayi tasu.

Su ma masaƙun ba su tsira ba. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007, galibin atamfar da take cike da Kantin Kwari a Kano yanzu daga Sin ake shigo da ita. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin turmi ya ƙara hawa. Ma'anar wannan ita ce, duk ƙyallen da ya faɗo daga almakashin tela an biya kuɗinsa da tsada. A Kasuwan Garba, kamar kowane garin kasuwa, makonnin da suke gaban Salla su ne kakar teloli, kuma a ƙarƙashin kowane keke akwai tarin ƙyallen atamfa da shadda da yadin maza. Wani a cusa a matashi, wani a yi tsumma da shi, saura kuwa a share a ƙone. Wannan tarin shi ne jarin mai ɗinkin jaka.

Yadda ake ɗinka ta

Kafin a sa almakashi, sai a wanke ƙyallen a shanya a goge. Wankin yana fitar da sitacin kamfani, yana kuma tona asirin yadin da yake zuba, don ba abin da ya kai baƙin ciki kamar jakar da ta rina wa mutum farar riga. Bayan haka sai a ware ƙyallayen, masu kauri daban, marasa kauri daban. Masu kauri su ne na waje, marasa kaurin kuma su zama shafi.

Mafi sauƙi ita ce mai zariya, wadda ko keke ba ta bukata, allura da zare sun isa. Akan yanki ƙyalle mai faɗin inci 8 da tsawon inci 20, a ninka shi biyu fuskar tana ciki, a ɗinke gefe da gefe a bar kamar inci biyu daga baki. Sai a kalmashe bakin a yi masa ƙubaka irin ta wando, a zura zariya da fil, a juya jakar. Yarinyar da ta iya ɗinkin hula za ta koyi wannan a yini guda. Irinta ce ta dace da carbi, ko goro, ko kwalbar turare.

Ta biyu ita ce mai zif. Ana bukatar ƙyalle huɗu masu girma ɗaya, misali inci 9 da inci 6, biyu na waje biyu na shafi, da zif mai tsawon inci 8 ko 9. Akan shimfiɗa na waje fuskarsa sama, a kifa zif a bakinsa, a rufa da shafi, a bi da ɗinki, sa'an nan a yi wa ɗaya gefen zif ɗin haka. Daga nan sai a haɗa na waje da na waje, shafi da shafi, a zagaye da ɗinki, a bar 'yar kafa ta inci uku a gindin shafin inda za a juyo jakar. A nan ne sababbin hannu suke yin kuskure. Wajibi ne a zuge zif ɗin zuwa rabi kafin a zagaye, in ba haka ba jakar za ta rufe ruf, ba ta inda za a juyo ta sai an farke. In an juyo sai a like kafar da ɗinkin hannu. Wadda take son jakar ta zauna da gindinta kamar kwano, sai ta tsuke kusurwoyin ƙasa biyu ta gitta musu ɗinki na inci ɗaya kafin ta juya.

Ta uku ita ce ainihin magajiyar zabira, watau mai aljihu da yawa. Akan sami ƙyalle mai inci 12 da inci 18 a yi masa shafi, a naɗo kashi ɗaya cikin uku na tsawonsa sama, a ɗinke gefuna, sa'an nan a ja layukan ɗinki a tsaye don a raba aljihun. A nan awo yake da muhimmanci. Katin banki da katin zaɓe tsawonsu bai kai inci uku da rabi ba, faɗinsu kuma ya ɗan ɗara inci biyu, saboda haka aljihu mai inci huɗu ya ishe su a kwance. Fasfo kuwa kusan inci biyar ne da inci uku da rabi. Abin da ya rage na ƙyallen sai ya zama marufi, a sa masa maɓalli ko igiyar ɗauri. Bakin kowane aljihu a maimaita masa ɗinki sau biyu ko uku, don nan ne yake fara farkewa.

Ƙyallen da ya yi ƙanƙanta ma ba a yar da shi. Akan yanka shi murabba'i-murabba'i a harhaɗa har ya kai girman da ake so. Mai ido takan haɗa launukan da suka dace da juna, har jakar haɗe-haɗe ta fi ta yadi ɗaya kyau. In kuwa sayen yadi za a yi, lissafin a fili yake. Yadi ɗaya inci 36 ne, faɗin atamfa kuma ya kai inci 45, watau za a fitar da yanki goma sha biyu masu inci 9 da inci 12, kowanne jaka guda in an ninka shi. Turmi mai yadi shida ke nan zai ba da fuskar jaka saba'in da biyu.

Kowa da irin tasa

Abin da ya sa kyautar hannu ta bambanta da ta kanti shi ne an yi ta ne da sanin wanda za a ba. Tsohuwar da take shan maganin hawan jini ko na ciwon suga tana bukatar mai aljihu uku, ɗaya na magani, ɗaya na katin asibiti, ɗaya na 'yan canjinta, kuma a sa mata zif mai babban kai wanda yatsunta za su iya kamawa. Dattijo a yi masa ta shadda marar hayaniya, wadda za ta ɗauki carbi da asuwaki da tabarau. Mai jego a ranar suna a kai mata mai gindi, ta zuba hoda da man shafawa da sabulun jariri. Ɗan makaranta a yi masa doguwa ta fensir da biro. Amarya kuwa, maimakon kayan kwalliyarta su watse cikin akwatin lefe, sai a jera su cikin jakunkuna uku ko huɗu na atamfa iri ɗaya.

Al'adar anko da ta shigo Arewa daga Kudu ita ma ta buɗe wata ƙofa. Duk bikin da aka fitar da anko, teloli sukan tara ragowar yadi iri ɗaya mai yawa. Uwar biki da ta tattara wannan ragowa ta ba da ɗinkin jakunkuna, ta sami abin rabo wanda ya fi bokitin roba ma'ana, don duk wadda ta ɗauko jakar za ta tuna bikin wa aka yi da wannan atamfa.

Shi kansa ɗan ci-rani ya fi kowa bukatar irin wannan jaka. Da can aljihunsa kuɗi ne da goro. Yanzu kuwa, tun da aka wajabta haɗa layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa a ƙarshen 2020, da kuma ƙarancin takardun naira da aka sha a farkon 2023 wanda ya tura har masu tura baro buɗe asusun banki, aljihun ya cika da takardar shaidar ɗan ƙasa, da katin banki, da katin zaɓe, da katin ƙungiyar kasuwa ko ta 'yan acaba. Wanda ya taɓa bin hanyar Kudu da dare ya san yawan shingayen da ake tsayar da mota a ce kowa ya nuna shaidarsa, ya kuma san halin da baƙo yake shiga in ya laluba bai samu ba. Mai dako da mai gadi ba su da akwatin ajiya, inda suka kwanta nan ne ɗakinsu. 'Yar jaka mai igiya da za a rataya a wuya a tura cikin riga, wadda aka yi wa shafi mai hana gumi shiga, tana iya raba mutum da wahalar wata guda ta neman sabon kati.

Abin koyi daga Zariya

Wanda yake ganin ɗinkin cikin ɗaki ba zai kai ko'ina ba, sai ya dubi birnin Zariya. Ɗinkin babbar riga da can aikin maza ne, galibi malamai da almajirai. Daga wajen shekarun 1970 matan birnin suka shiga cikinsa suna yi a gidajensu, har suka ƙware a aska biyu da aska takwas da tambari. A 1994 wasu daga cikinsu suka haɗu a ƙungiya mai suna Queen Amina Embroiderers, suka ɗauko zanen da aka sani a ƙirjin riga suka mai da shi kan ƙananan kaya irin su jakunkuna da rigunan matashi, kayansu kuma suka kai har ƙasashen waje. Ba wani sabon abu suka ƙirƙiro ba. Gwanintar da take hannunsu suka ɗora a kan abin da mai saye zai iya ɗauka ya tafi da shi, suka kuma tsare kyawun aiki. Matan ƙasar Kwantagora da suka iya ɗinkin hula da saƙar kwarashi suna da irin wannan hannu. Ɗan dagi ko 'yar fulawa da aka yi da zare a fuskar jaka shi ne yake raba ta da ta kamfani.

Inda ake tuntuɓe

Sana'ar tana da ramukanta. Na farko shi ne rashin lissafi. Mata da yawa sukan ce ai ƙyallen kyauta aka samu, sai su sayar da jaka a kuɗin da bai wuce na zif da zare ba, su manta da wuninsu da idonsu da gyaran keke. Kamata ya yi a rubuta kuɗin zif da zare da shafi da gawayin guga, a ɗora ladan aiki, sa'an nan a yanke farashi. Zif da zare kuma a saye su dozin-dozin daga Kwantagora ko Kano, ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba. Kwasar adashi guda tana iya tayar da wannan jari.

Na biyu shi ne zif marar kyau. Jaka takan mutu ne ta wajen zif tun yadinta yana sabo, kuma wanda zif ya ɓalle masa a mako na farko ba ya dawowa. Na uku bashi da kunyar dangi. Kyauta daban, ciniki daban, wadda ta kasa raba su za ta wayi gari keke yana nan amma ba kuɗin zare. Sa'an nan akwai abubuwa biyu na kiyayewa. Kada a ɗinka aya ko sunan Allah a jikin jakar da za a ajiye a ƙasa ko a shiga bayan gida da ita. Kada kuma mai jaka ya rubuta lambar sirrin katin bankinsa a takarda ya zura tare da katin, don in jakar ta faɗi ya miƙa wa ɓarawo ƙofa da mabuɗi ke nan.

Rawar da 'yan ci-rani za su taka

Babbar matsalar mai ɗinki a ƙauye ita ce kasuwa. Garin ƙarami ne, in ta sayar wa maƙwabta ashirin ta gama da masu saye. Maganin wannan yana hannun 'yan'uwanta da suke Kudu. Mutumin da ya san zai je gida da Salla yana iya bugo waya tun da sauran wata guda, ya ce wa ƙanwarsa ko matar wansa ta ɗinka masa jaka goma sha biyar, ya faɗa mata ta wa da ta wa, ya tura mata kuɗin ta banki kamar yadda zai biya baƙo. Shi kuma ya sayi turare da sabulu da ɗan kunne da alewa a sari, waɗanda ba su da nauyi a mota. In ya sauka sai a zauna a rarraba cikin jakunkunan, kowa a miƙa masa tasa da sunansa. Kuɗin tsarabar bai fita daga gida ba, kuma ba wanda aka tsallake. Hausawa sun ce ƙaramin goro ya fi babban dutse.

Haka kuma telolin Ikko da Badun da Aba da Anacha suna zubar da ƙyalle buhu-buhu, har da na leshi da na yadi masu tsada waɗanda ba a cika samu a ƙauye ba. Wanda yake da maƙwabci tela, magana ɗaya ta isa a riƙa tara masa. Ƙullin ƙyalle ba ya fashewa, ba ya ruɓewa, kuma direbobin da suke sauke hatsi da shanu suna komawa Arewa kullum. In zai dawo Kudu kuma sai ya riƙo wasu jakunkunan, ya ba maigidan da yake yi wa aiki, da mai gidan haya, da maƙwabtansa Yarabawa ko Ibo. Baƙon da yake kyauta ba a mance shi ranar da ya shiga matsala. Cikin waɗanda aka ba kuwa ba a rasa mai tambayar inda ake sayarwa, daga nan ciniki yake farawa, hoto ɗaya a WhatsApp ya isa a yi oda. Matan da suke zaune tare da mazansu a unguwannin Sabo da Agege da Idi-Araba su ma ƙofa a buɗe take gare su, ga teloli kusa, ga masu saye a bakin ƙofa.

Jakar ƙyalle ba za ta kori 'yan bindiga daga daji ba, ba kuwa za ta ta da masaƙun Kaduna ba, wannan aikin hukuma ne kuma jama'a suna nan suna jira. Amma kafin nan, matar da ta sayar da jaka biyar a mako ta sami kuɗin sabulu da na makarantar allo ba tare da ta jira aike ba, ɗan'uwanta na Kudu kuma nauyi ya ragu a kansa. Masu shirin tafiya gida bana sai su buga waya tun yanzu, don in Salla ta matso keke ba ya samun sarari. Allah ya kai kowa gida lafiya, ya kuma zaunar da ƙasar Kwantagora da sauran ƙasa baki ɗaya lafiya, amin.